Abin da na gani a maganin motsa ido na EMDR

Shekara biyu ke nan da hatsarin da muka yi a hanyar Zariya, kuma har azumin da ya wuce ban iya zama a gaban mota ba. Da na ji ƙarar birkin tirela sai gabana ya yanke ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Ƙanwata ce ta matsa mini sai na gwada EMDR, wato maganin firgici da ake yi ta hanyar bin yatsun likita da ido, har ta samo mini wata likitar ƙwaƙwalwa da ta yi horo a kansa.

Zama biyu na farko raina ya ɓaci sosai. Na biya kuɗin da kun san ba kaɗan ba ne, amma ko yatsa ba a ɗaga mini ba. Tambayoyi ne kawai a kan barcina da lafiyata da wanda nake da shi a gida. Sai ta ce in zaɓi wurin da hankalina yake kwanciya in riƙe shi a zuciya, na zaɓi gindin darbejiyar tsakar gidan kakata. Daga baya na gane matakai 8 ne, motsa idon sai a na huɗu yake farawa.

Zama na uku ne ya sa nake wannan rubutu. Ta ce, "Hajiya, ba sai kin ba ni labarin duka ba, hoton da ya fi damunki kawai za ki kawo a ranki." Ta tambayi abin da nake faɗa wa kaina idan hoton ya zo. Na ce laifina ne, don ni na ce wa direba ya ƙara wuta kada magariba ta yi mana a hanya. Ban taɓa furta wannan a gaban kowa ba, har da maigidana. Ta ce in auna zafin daga 0 zuwa 10, na ce 9.

Sai ta ɗaga yatsu biyu tana kai su dama da hagu, ina bi da ido, kamar rabin minti. Ta tsaya ta ce, "Ja numfashi. Me ya zo miki?" Duk abin da na ce, amsarta ɗaya ce: "Bi shi." A zagaye na huɗu ko na biyar warin fetur ya cika mini hanci, wallahi kamar a ɗakin aka zubar. Ƙirjina ya ɗaure, na fashe da kuka, na ɗaga hannu alamar ta tsaya kamar yadda muka yi alkawari tun farko, ta kuwa tsaya nan take. Da muka ci gaba sai ga fuskar dattijon da ya jawo ni ta taga, yana cewa, "Sannu 'yata, da sauran shan ruwanki." Shekara biyu ban tuna da bawan Allahn nan ba, jini da gilas kawai nake gani. Kafin mu tashi 9 ta koma 4.

Umma ta ɗauka surkulle ne. Babu tofi, babu gusar da hankali, idona biyu na san inda nake. Wata Ba'amurkiya Francine Shapiro ce ta faro shi a 1987, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin magungunan da ta amince da su na firgicin da ke biyo bayan mummunan abu. Likitar ta ce wasu masana na ganin ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe hoto da bin yatsa lokaci guda, shi ya sa hoton yake dushewa.

Amma fa har yanzu akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. An ce mini "za ki ɗan gaji", alhali ranar zama na ukun nan da ƙyar na kai gida, ni kaɗai a keke, jikina kamar an yi mini dukan tsiya. Kwana uku ina mafarkai masu nauyi. Na kira lambar da ma'aikatan wurin likitar suka ba ni, ba a ɗauka ba sai washegari da yamma. Mutum an buɗe masa ciwo, ai bai kamata a bar shi haka ba. Sau biyu kuma suka ɗaga mini rana ina tsakiyar aikin, a lokacin na fi kowane lokaci shan wuya. Duk lokacin da na tuna sai in ji ba zan iya tura kowa wajensu ba, ko da yake ita likitar ta iya aikinta.

Zama bakwai na yi. Ranar Asabar na zauna a gaba har Zariya, da muka zo daidai wurin gabana ya ɗan faɗi, na yi salati, muka wuce. In za ki je, ki tafi da wanda zai dawo da ke gida, kuma ki tambaye su tun ranar farko wa zai ɗauki waya in dare ya yi miki tsawo.