Gwajin suga ko gwajin insulin: wanne ya dace ka fara da shi?

Ɗan'uwa, ka ce an gwada sugarka da safe kafin ka karya, ta nuna 92, aka ce maka lafiya lau. Amma teɓa na ta fitowa, bayan wuyanka ya yi duhu ko an cuɗa ba ya fita, kuma mahaifinku na fama da ciwon suga. Wani a nan ya ba ka shawarar ka bar gwajin suga ka je ka yi na insulin. Tambayarka ita ce wanne ya fi, kuma wanne zai nuna maka halin da zuciyarka ke ciki.

Gwaje-gwajen biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Insulin sinadari ne da jiki ke samarwa don kwashe sukari daga jini zuwa cikin naman jiki. Na suga yana nuna yawan sukarin da ya rage a jini, na insulin kuma yana nuna irin wahalar da jiki ya sha kafin ya riƙe sukarin a wannan matsayi. Idan naman jiki da hanta suka fara ƙin jin insulin, gaɓar da ke samar da shi, wato fankiriyas, sai ta ƙara yawan abin da take zubawa. A haka za a iya shafe shekaru suga tana zaune daram, alhali insulin ya ninka. Kamar mai shago ne da ke cin bashi yana cika kanta: mai wucewa zai ga kaya maƙil, littafin bashi ne kaɗai ya san gaskiya.

Ga misali da lambarka. Akwai lissafin da ake kira HOMA-IR, wanda masu bincike a Jami'ar Oksfod suka fitar a 1985. Ana ninka suga da insulin, a raba da 405. Mutum biyu, kowa sugarsa 92. Na farko insulin ɗinsa 6, lissafinsa ya tsaya wajen 1.4. Na biyu nasa 18, ya haura 4. A takardar suga tagwaye ne, a cikin jiki kuwa tsakaninsu da nisa. Ta wannan fuska wanda ya ba ka shawara yana da gaskiya.

Inda gwajin insulin ya gaza shi ne rashin ma'auni ɗaya. Jini guda, a kai shi ɗakunan gwaji biyu, ana iya dawowa da lambobi mabambanta, domin har yau ba a daidaita hanyoyin awon ba. Babu kuma iyakar da aka yi ittifaƙi a kanta, wasu na cewa 2, wasu 2.5, wasu sama da haka. Rashin barcin dare ɗaya ma yana iya motsa shi. Ga tsada, ga shi ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba. Shi ya sa ba da shi likitoci ke yanke hukuncin ciwon suga ba.

Gwajin suga kuwa iyakokinsa a bayyane suke. Bayan awa 8 ba ci: ƙasa da 100 lafiya, 100 zuwa 125 an kusa, 126 zuwa sama idan ya maimaitu ciwo ne. Waɗannan lambobin da ma'aunin mg/dL ne; in takardarka da ɗaya ma'aunin, wato mmol/L, aka rubuta, 100 shi ne 5.6, 126 kuma 7.0. Aibinsa ɗaya, yana makara.

Saura HbA1c, wanda ake yawan yabawa saboda ba ya buƙatar ƙin cin abinci, kuma yana ba da matsakaicin sugar wata biyu zuwa uku. Daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, 6.5 ciwo. A nan zan ɗan tsaya, don mu abin ya shafa kai tsaye. Gwajin ya dogara ne da tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini, wanda ya kai kwana 120 ga mai lafiya. Duk abin da ya gajarta ransu zai sa lambar ta sauka ƙasa da gaskiya: sikila, zazzaɓin cizon sauro mai fasa jini, zubar jini, ƙarin jini na kwanan nan. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma yana iya ɗaga ta. Hatta masu AS, waɗanda ba su da ciwon sikila, wasu na'urori na kuskure a jininsu, ga shi kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Kada ka biya kuɗin HbA1c ba ka san jinsin jininka ba (AA, AS ko SS), kuma ka faɗa wa mai gwajin.

Akwai wata dabara da ake yaɗawa, cewa ka raba tiraigilisarai (wani nau'in kitse a jini) da HDL (kolestarol mai kyau) a takardar kitsen jini, in ya kai 3 to insulin ɗinka ya ɓaci. Ga Turawa tana aiki ba laifi. Amma binciken Dakta Anne Sumner a Amurka ya nuna baƙar fata na iya samun matsalar insulin sosai tiraigilisarai ɗinsa na ƙasa. In lambar ta hau, ka ɗauke ta da gaske. In ba ta hau ba, ba ta wanke ka ba.

Da ni ne, da kuɗin gwaji ɗaya tak a hannuna, ba insulin zan fara yi ba. Zan nemi gwajin shan ruwan gulukos: a ɗebi jini, ka sha giram 75, a sake ɗiba bayan awa biyu. Ƙasa da 140 lafiya, 140 zuwa 199 gargaɗi, 200 ciwo. Yana cin lokaci, ruwan kuma da gundura, amma yana kama mutanen da sugar safiya ta bari suka wuce, kuma bai damu da jinsin jininka ba.

Batun zuciya kuwa, babu ɗaya cikin waɗannan da zai amsa shi kaɗai. Abin da ke toshe jijiyar jini shi ne ƙwayoyin da ke ɗauke da kolestarol, don haka ka duba LDL, wato kolestarol mai illa, ko ApoB, mai ƙidaya ƙwayoyin, in akwai hali, domin mai matsalar insulin yakan samu LDL mai kyan gani alhali ƙwayoyin sun yi yawa. Sai Lp(a), wata ƙwaya mai ɗauke da kolestarol, wanda gado ne, ya fi hawa a 'yan asalin Afirka, kuma sau ɗaya a rayuwa ya isa. Gaba da duka akwai awon hawan jini, shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki a cikinmu.

Tun kafin ka je ko'ina, ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai cibiya. In ya wuce rabin tsayinka, haɗe da duhun wuyan nan da gadon gida, ko insulin ya fito 6 ko 18 aikin da ke gabanka iri ɗaya ne. A wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwa da ciwon suga ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, masu shan maganin suga metfomin kuwa kashi 31. Ka tafi wurin likita da takardar 92 ɗin, da awon cikinka, da jinsin jininka, ka nuna masa wuyan.