Hoton Waliyyi Faransis da kyarkeci, irin zanen Kusko

Wata biyu ke nan da isowar hoton da na saya ta intanet daga wani shagon masu zane a Kusko, ƙasar Peru. Kwafi ne da aka yi da hannu, fentin mai a kan ƙyalle mai kauri. Waliyyi Faransis na Asisi ne tsaye, ya ɗaure ƙugu da igiya mai ƙulli uku, kyarkecin garin Gubbio ya miƙa masa ƙafar gaba, alamar ya daina addabar mutanen garin.

Ni dai tsuntsayen ne suka sa na zaro kuɗina. Faransis ɗan Italiya ne, ya rasu a 1226, tun Turawa ba su san da Peru ba. Amma ga jajayen aku nan birjik a kan itatuwan da ke bayansa, ga ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan fure. Haka masu zanen Kusko suka riƙa yi a zamanin mulkin mallakar Sifen. 'Yan mishan masu zane irin su Bernardo Bitti, wanda ya isa Peru a 1575, sun kawo salon Turai, ana kuma kwaikwayon hotunan bugu na Flanders, wani yanki na ƙasar Beljiyam ta yau. Sai 'yan ƙasa irin su Diego Quispe Tito, da ya rasu a 1681, suka cika dazukan hotunansu da tsuntsaye masu launi. Wanda ya yi mini nawa ya fahimci wannan sosai. Kowane gashin fiffike ya zauna ya fitar da shi, kuma idon kyarkecin a sanyaye yake, har yakan sa in tsaya in daɗe ina kallo.

Inda raina ya ɓaci shi ne adon zinariya. Zanen Kusko ya yi suna da ganyen gwal da ake mannawa a kan tufafin waliyyai, kuma shi aka ce za a sa mini. Da na kwance ƙunshin, fenti na gani mai ruwan gwal, ba ya ɗaukar ido ko da rana ta haska shi. An kuma naɗe ƙyallen da ƙarfi, fentin ya tsage a kusurwa ɗaya. Na rubuta musu, sun ba da haƙuri, sun mayar da wani abu daga cikin kuɗin.

Mai son saye ya nemi a turo masa hoton adon daga kusa kafin ya biya. Nawa na sa an yi masa firam na katako, yana rataye a falo, inda muke taruwa addu'ar dare.