Faifai Ko Filash: Wanne Za Ka Saya Don Ɗora Windows Mai Sabuntawa A Ciki?

Kwanakin baya wani dattijo mai kula da makarantar Islamiyya a Rigasa ya zo shagona da kwamfutoci shida na hannu da aka ba su sadaka. Ya riga ya ɗora wa guda ɗaya Windows da wani tsohon faifai, da ya haɗa ta da intanet sai ta kama sauke sabuntawa, kafin la'asar datar da ya saya ta wata guda ta ƙare. Ya ce mini, "Yaro, haka zan yi sau shida?" Na ce, "A'a Baba, akwai hanya, amma sai mun fara zaɓar abin da za mu zuba Windows ɗin a kai."

Mu fara da faifan DVD, tunda shi mutane suka saba da shi. Na gama-gari 4.7 GB yake ɗauka, fayil ɗin Windows 11 kuwa ya wuce 5 GB tun kafin ka ƙara masa komai. Dole sai mai hawa biyu, mai 8.5 GB, wanda ya fi tsada kuma ba kowane shago ke da shi ba. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar ƙona shi, wato rubuta fayil ɗin a kansa, ya tashi aiki. Microsoft kuma kowane wata take fitar da sabuntawa, a Talata ta biyu, saboda haka faifan da ka ƙona da azumi kafin babbar sallah ya tsufa. Ga ƙurar hunturu da ke karce shi, ga yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wurin saka faifai. Amfaninsa biyu ne: ƙwayar cuta ba ta iya rubuta kanta a kansa bayan an ƙona, kuma tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 ta fi karɓarsa, domin Windows 7 bai zo da direbobin USB 3.0 ba, wato ƙananan manhajojin da ke sa ya gane filash a sabuwar kafar USB mai sauri. Sai dai ka sani Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoba 2025.

Filash shi ne zaɓina, ba na ɓoyewa. Microsoft ta ce aƙalla mai 8 GB, amma ni ina ba da shawarar 32 GB, don a samu wurin direbobi da fayilolin sabuntawa. Ka nemi mai USB 3.0, sau da yawa za ka ga cikin bakinsa shuɗi ne. Matsalar filash ɗaya ce, kuma babba ce: jabu. Na taɓa sayen wani a hannun mai tebur, an rubuta 64 GB a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna haka. Na zuba komai lafiya lau, sai da ɗora Windows ya yi nisa a kwamfutar wani ɗalibi, bayan na goge masa tsohon, sannan ta ce fayil ya lalace. Ashe cikinsa ɗan mitsitsi ne, ƙarya aka koya masa. Tun ranar, ko a Kasuwar Sheikh Gumi zan saya ko a shagunan titin Ahmadu Bello, nakan yi sharaɗi da mai kaya cewa zan gwada da H2testw. Manhaja ce ta kyauta da ke cika filash taf, ta sake karanta abin da ta rubuta. Tana ɗaukar lokaci, amma ba ta ƙarya. Mai kayan da ya ƙi wannan sharaɗi, ka yi masa sallama ka wuce gaba.

Manhajar da za ta mayar da filash ɗin mai tayar da kwamfuta, duk kyauta ce. Media Creation Tool ta Microsoft ta fi sauƙi ga sabon shiga. Rufus ta fi ba ka iko, kuma tana warware matsalar FAT32, tsarin ajiyar fayiloli a filash da ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4 GB. Ventoy kuwa ta masu gyara ce: ka saka ta sau ɗaya, daga nan sai kwafe fayilolin ISO kawai, wato fayilolin da ke ɗauke da hoton faifan ɗorawa gaba ɗaya, Windows da Ubuntu (wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows) su zauna a filash guda.

Sai batun sabuntawar kanta. Mai kwamfuta ɗaya ko biyu, ya sauke sabon ISO daga shafin Microsoft, ya bar sauran ga intanet, ba sai ya wahalar da kansa ba. Mai kwamfutoci da yawa, ya je shafin Microsoft Update Catalog ya sauke dunƙulalliyar sabuntawar watan, domin tana haɗe da gyare-gyaren baya, ya ajiye ta a filash ɗin ya riƙa ɗorawa da hannu. Cusa ta cikin fayil ɗin Windows ɗin kansa da manhajar DISM ko NTLite ya fi tsafta, amma aikin masu sana'a ne, kuma sai ka gwada a kwamfuta ɗaya kafin ka taɓa ta mutane.

Abin da nake roƙon ku ku guje wa shi ne faifan nan da ake sayarwa a haɗe, mai cewa komai na ciki har an buɗe lasisi. Ba ka san hannun da ya taɓa shi ba, ga shi a wannan kwamfutar za ka shiga asusun bankinka.

Baba dai filash biyu masu 32 GB muka saya masa, muka gwada su, ɗaya na aiki ɗaya na ajiya a cikin durowa. Sau ɗaya muka sauke sabuntawar da datar dare, washegari kafin azahar sauran kwamfutoci biyar ɗin sun tashi.