Man kaɗanya a Legas: ɗanye, tacacce ko na kwalba?

In ka shiga kasuwar Mile 12 ko ta Agege neman man kaɗanya, iri uku za ka tarar, kuma kowane mai kaya zai rantse maka nasa ne gangariya. Yarbawa "ori" suke ce masa, to riƙe sunan, don wani lokacin da shi za ka yi ciniki.

Ɗanye shi ne wanda matan ƙauyukan Neja, Kwara da Kebbi ke haɗawa da hannu. Da damina su tsinto 'ya'yan a daji, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su yi ta bugu da ruwa har mai ya taso. Launinsa ruwan madara mai ɗan duhu, da ƙaurin hayaƙi kaɗan. Ni shi nake saya wa gida, don wajen kaushi da faso babu kamarsa. Sai dai a nan algus ya fi yawa. Lakuto kaɗan ka murza a bayan hannu: mai kyau nan take yake narkewa ya shige fata. In ka ji yashi-yashi, ko warin tsohon man suya, ajiye masa kayansa. Fasa curin ma ka duba ciki, domin man da ba a tsane ruwansa ba, danshin Legas fumfuna yake sa shi.

Tacacce fari ne fat, ba wari, ya fi daɗewa, shi ya sa masu haɗa sabulu da man shafawa suka fi son sa. Amma tacewar kan rage masa albarka.

Na kwalba kuwa, duba lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna), ka karanta abin da aka zuba. Sau da yawa kaɗanyar 'yar ƙyas ce, sauran turare da wasu mayuka.

Farashi ba shi da tsayayyen ma'auni. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, amma bishiyar galibi a daji take tsirowa, takan yi shekara 15 kafin ta haihu, cinikinta kuma yawanci ba a rubuta shi. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar waje na wata 6 don a riƙa sarrafa ta a gida. Zagaya rumfa uku kafin ka taya, ka ce a auna a kan sikeli maimakon curi. In ka kawo gida, roba mai murfi, nesa da murhu da rana.