Man kaɗanya, man shanu ko na kanti: me za ki saya wa gashinki a Maraɗi?

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, kukan da makitsa ke ji a Maraɗi iri ɗaya ne: gashi ya bushe, yana bin mataji, gaban goshi yana zaizayewa. Sai mace ta nufi babbar kasuwa ta tarar da robobi jere a tebur, wasu sun shigo ta Ɗan Isa daga Kano da Katsina, wasu daga Kwatano, kowace da hoton mace mai gashi har gadon baya. Ƴar'uwa, kafin ki kwance bakin zane ki riƙe wannan: gashi yana tsirowa kamar santimita 1 ne a wata, kuma babu man da zai ninka miki shi. Aikin mai shi ne ya hana wanda ya tsiro karyewa. Da wannan za ki auna duk abin da aka miƙo miki.

Mu fara da wanki, don nan ɓarna take somawa. Sabulun salo yana da arha, yana fidda datti da tsohon mai tas, amma da toka ake yin sa, shi ya sa yake da kaifi. In kin yi wanki da shi kai a kai, gashi zai yi kaushi kamar soso. Shamfu na kanti ya fi shi sauƙi, sai dai mai yawan kumfa shi ma yana kwashe maiƙon kai. Ni karkashi nake sa wa gaba, wanda wasu ke kira yoɗo. Ki jiƙa garinsa a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ki tace da tsumma mai tsabta, ki cuɗa a gashi. Santsin nan shi ke warware gashin da ya cukurkuɗe bayan tsifa, mataji ya wuce ba tare da ya tsinka ba. Aibinsa ɗaya: ba ya cire mai mai nauyi. Idan kin yi sati uku kina lafta basilin, sai kin fara da shamfu ko ɗan sabulun salo, ki biyo da karkashi. Wanki sau ɗaya a sati ko a kwana goma ya isa, sai in zufar bazara ta matsa.

Sai mai. Abin da mata da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi. Shi mai, murfi ne kawai da ke tsare danshin kada iska ta kwashe. Wadda ta shafa mai a busasshen gashi ta rufe tukunyar da babu komai ciki. Ki yayyafa ruwa tukuna, sannan ki shafa.

Man kaɗanya shi ne zaɓina na hunturu. Yana da kauri, yana riƙe danshi, kuma curi ɗaya yakan kai ki makonni. Matsalarsa algus. Na taɓa sayen wani fari tas mai ƙamshin turare, ashe an cakuɗa shi da kitse, cikin kwanaki kaina ya ɗauki wari. Na gaskiya yana da ɗan warin hayaƙi irin nasa, launinsa tsakanin fari da ruwan ɗorawa, kuma in kin murza shi a tafin hannu yana narkewa ba tsakuwa. Ki nemi a ba ki ki murza kafin ki biya.

Man shanu na Fulani iyayenmu sun daɗe da shi, yana kuma sa laushi sosai. Amma zafin Maraɗi na Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, ba ya barin sa ya daɗe, sai ya yi ɗaci da ƙarni. Ki saya kaɗan, ki shafa a matsayin jiƙo na awa ɗaya ko biyu kafin wanki, kada ki yi kitso a kansa. Man kwakwa kuwa yana cikin ƴan kaɗan da ke ratsa cikin silin gashi, don haka shi ma kafin wanki ya fi amfani. Basilin da sauran man kanti masu kama da shi a saman gashi suke tsayawa. Suna tsare danshi, amma ƙurar hunturu tana manne musu.

Garin cebe na matan Cadi ya yi suna, kuɗinsa ma ya hau. Ana kwaɓa shi da mai a shafa a jikin gashi a kitse, ba a fatar kai ba. Tsawon da ake gani yana zuwa ne daga gashin da aka lulluɓe da mai aka bar shi ba a taɓawa. Idan aljihunki bai kai ba, ruwa da man kaɗanya da kitso sakakke za su yi miki kusan wannan aikin.

Man miƙar da gashi shi nake jin tsoro. Da yawansa soda ce a ciki, tana ƙona fatar kai, tana raunana gashi. Wadda ta ga dole sai ta yi, ta bar aƙalla sati 8 tsakani, a shafa wa sabon tsiro kaɗai. Yara ƙanana kam, don Allah a ƙyale musu kansu.

Idan amosani ne ke damun ki, kada ki ƙara mai a fatar kai, domin ƙwayar da ke haddasa shi da maiƙo take rayuwa. Ki je farmasi ki nemi shamfu mai ɗauke da maganin ketoconazole. Yaron da makero ya ci wa kai kuma, shafe-shafe ba ya warkar da shi, maganin sha yake buƙata, a kai shi likita.

Cikin canjin da ya rage ki sayi mataji mai manyan haƙora, da ɗankwali mai santsi na kwana, don na auduga yana tsotse danshi. Ranar kitso kuma, in kin ji fatar goshinki ta ɗaure ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin layi, ki ce wa makitsiya: "Yaya, sassauta mini hannu." Gashin gaban goshi da ja ya cinye shekara da shekaru ba ya cika dawowa, ko da wane mai aka shafa.