Ɓangare ɗaya ko a rarraba faifai?

In za a girka Linux a kwamfutar tebur, ɓangaren / (tushen da tsarin ke zama a kai) guda ɗaya da ƙaramin ɓangaren EFI (na tayar da na'ura) mai megabait 512 sun wadatar, babu sararin da zai zauna a banza. Ni dai nakan ware /home, inda takardun mai kwamfuta ke zama, don ko na sake girka Linux, takarduna suna nan daram.

Uwar garke kuwa, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, ba ta son cakuɗe. Bayanan aiki da ke taruwa a /var kan cika faifai dare ɗaya, in suna tare da / sai ayyuka su tsaya cak. Ware /var, ɓarnar ta tsaya can. Illar rarrabawa ita ce kuskuren awo, nan maƙil, can wayam. LVM, tsarin Linux na sarrafa ɓangarorin faifai, ke maganin wannan, domin ana ƙara wa ɓangare girma na'ura tana aiki.