Giren 124 ko 147: wacce ƙwaya ta fi dacewa da PCC a gasar USPSA?

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani ƙanenmu da ke zaune a Dalas ya ajiye tambaya jiya da dare. Ya sayi PCC, wato doguwar bindigar nan mai cin harsashin fistol, 9mm ce mai bututu inci 16, yana son fara shiga gasar USPSA da ita, wato gasar harbi ta Amurka da ake haɗa iya saiti da sauri. Ya kuma samu injin haɗa harsashi, Dillon 550, a hannun wani da ya daina harkar. Ƙwaya ita ce kan harsashin da ke fita ta bakin bindiga, giren kuma ma'aunin nauyinta ne. Ga abin da ya rubuto: "Yaya, ƙwaya mai giren 147 zan saya ko mai 124? A fistol ɗina 147 nake harbawa, kuma tana yi min laushi sosai."

Ƙanena, in da ni ne, 124 zan saya. Amma tun da kuɗinka za ka zuba, bari in ajiye maka su biyun gefe da gefe ka ga dalili. Kafin nan, ga 'yan'uwa da ke karantawa daga gida: wannan magana ta Amurka ce, inda dokar tarayya ta bar mutum ya haɗa harsashin da zai harba da kansa, sayarwa ce ke buƙatar lasisi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana wannan aiki, kada wani ya ɗauka abin gwadawa ne.

Mu fara da lissafi, domin shi ne ke ɗaure kowa. A USPSA akwai abin da ake kira awon ƙarfi: ka ninka nauyin ƙwaya a giren da gudunta a ƙafa cikin sakan ɗaya, ka raba da 1000. Ɓangaren PCC, wanda aka fara gwadawa a 2016, ƙaramin awo kaɗai ake yi masa maki da shi, wato 125, komai ƙarfin harsashinka. Tsakiyar kwalin da ake harbi maki 5, na biye 3, na gefe 1. Ke nan duk ƙarfin da ya haura 125 ba ya ƙara maka ko maki ɗaya, sai dai ya ƙara wa bindiga tsalle. Ƙwaya mai giren 147 tana buƙatar gudun ƙafa 851 kafin ta kai 125, mai 124 kuwa sai ta kai 1009. Amma babu mai hankalin da ke tsayawa a bakin layi, saboda sanyi da zafi suna taɓa gudun albarushi, na'urar auna gudu ta wurin gasa kuma ba lalle ta yi daidai da taka ba. A babbar gasa za a karɓi harsashinka 8, a cire ƙwayar ɗaya a ɗora a sikeli, a harba uku a ɗauki matsakaicin gudunsu. In ka gaza bayan duk damar da doka ta ba ka, za ka ci gaba da harbi amma ba maki, kuɗin mota da na masauki sun tafi ke nan. Shi ya sa mafi yawanmu muke saitawa a 130 ko ɗan sama. A nan, 147 tana tafiya wajen ƙafa 885, 124 kuma wajen 1050.

To, tun da awon ƙarfin ɗaya ne, ina bambancin? A fistol gaskiyarka ne, 147 ta fi laushi. Albarushi kaɗan take ci, iskar da ke fita a bakin bindiga kaɗan ce, sai ka ji kamar turi aka yi maka a hannu, ba mari ba. Amma PCC wata dabba ce daban. Yawancinsu, musamman masu siffar bindigar AR-15, da Ruger PC Carbine, da CZ Scorpion, sakatarsu, wato ƙarfen da ke rufe bayan bututu, ba ta kullewa lokacin harbi. Nauyin sakatar da na ƙarfen da ke bayanta da sifirin, su kaɗai ke riƙe kwanson harsashi har ƙwaya ta fita. A masu siffar AR wannan ƙarfe mai kai-komo ya haura rabin kilo. Abin da kake ji a kafaɗa, da rawar da jan ɗigo ke yi a cikin gilashin saiti, yawanci na wannan ƙarfen ne: ya doki baya, ya dawo ya doki gaba.

Na yi wannan gwajin wata Asabar da safe, akwati biyu a kan tebur, kwali a yadi 15, na'urar ƙidayar lokaci a ɗamara. Da 147 bindigar ta yi shiru, ta yi taushi, amma ina jin tafiyar sakata tun daga farko har ƙarshe, kamar ana jan aljihun tebur a mayar. Ɗigon ya ɗaga, ya nutse ƙasa da inda na bar shi, sannan ya dawo. Da 124 kuwa abin tas yake yi: ɗigon ya yi ɗan firgit ya zauna, harbi na biyu ya riga ya shirya. A kunne 147 ta fi daɗi, a kan kwali kuma ramukan 124 sun fi kusa da juna idan ina sauri. Gasar nan maki ake rabawa da lokaci, saboda haka abin da nake saye shi ne saurin dawowar ɗigo. Na san gwanaye da suka fi ni nesa ba kusa ba waɗanda 147 suke harbawa, kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma a bindigar da sakatarta ba ta kullewa na fi ganin 124 da 115 a hannun mutane.

Dalili na biyu ya fi damuna, kuma shi ne ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu. Bututunka inci 16 ne. Bayanan awon albarushin 9mm da kamfanoni irin su Hodgdon da Vihtavuori suke bugawa, galibi da bututu mai inci 4 aka gwada su. Albarushi mai saurin ci, irin Titegroup ko N320, yana gama ƙonewa tun a 'yan incin farko. Daga nan ƙwaya tana tafiya ne da ragowar turi, bututu kuma yana goga mata jiki. Ƙwayar 147 ta fi tsawo, jikinta da ke gogar bututu ya fi yawa, ga shi da ma a hankali take tafiya. Idan mutum ya ce sai ya rage albarushi ya sauko da ita bakin 125 cif, to ratar da ke tsakaninsa da ƙwaya ta maƙale a bututu ba ta da yawa. Na taɓa gani da idona. Wani yana tsakiyar zangon harbi a gasa, sai muka ji "fuf" maimakon ƙara. Alƙalin da ke bayansa ya daka tsawa ya tsaya tun kafin yatsansa ya koma kan kunama. Aka zura sandar tagulla ta baki, aka buga, ƙwayar ta faɗo kan tebur, jikinta duk zanen bututu. Da ya sake harbawa a kanta, Allah kaɗai ya san abin da zai faru da fuskarsa. Ita 124 a gudun 1050 tana da sauran rata mai kyau. Duk ranar da ka ji ƙara ta canja ko bindiga ta yi sanyi a kafaɗa, ka tsaya ka leƙa bututu.

Tsawon nan na 147 yana da wata matsalar. Kwanson 9mm milimita 19 ne kacal, ɗakin albarushi ƙarami. Iyakar tsawon harsashi a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka, inci 1.169 ne, iyakar matsi kuma psi 35,000. Wasu bututun PCC mazaunin harsashinsu gajere ne, sai dole ka tura ƙwaya ciki kafin ta zauna, kuma a 9mm 'yar turawa kaɗan tana ɗaga matsi sosai. Da 124 kana da sararin wasa fiye da 147.

A nesa ma 124 ce a gaba. Masu tsara zango suna son jarraba 'yan PCC da ƙananan faranti a yadi 40 ko 50, ko kwali mai lilo. Mai sauri ba ta sauka sosai, kuma ba sai ka riga abu mai motsi da yawa ba. Batun kayar da farantin ƙarfe kuwa, kada a ruɗe ka cewa mai nauyi ta fi: awon ƙarfin nan shi ne ainihin turin da ke isa ga faranti, in sun yi daidai a 130 duka biyun suna kayarwa. Kuma 124 a 1050 tana ƙasa da gudun sauti, wanda yake wajen ƙafa 1125, don haka babu wannan tsawar mai tsinka kunne. Ita 115 ce ke zama daidai kan iyakar a awon 130. Idan gasar harbin faranti ta Steel Challenge za ka shiga, inda babu awon ƙarfi, can ne 115 take haskawa.

Yanzu inda 147 ta yi nasara, domin tana da nata. In kana son harsashi iri ɗaya na fistol da PCC, kada ka riƙa sauya saitin inji, wanda ka saba haɗawa zai yi aiki, sai dai awonsa zai iya ɗan haurawa a dogon bututu. Haka kuma akwai bututun da inci 5 ko makamancin haka ne kawai na gaske, sauran rufi ne da aka manne don ya cika inci 16 na doka. A irin wannan maganar maƙalewa ta ragu ƙwarai. Bindigogin da sakatarsu ke jinkirin buɗewa, irin JP-5 da na CMMG, ko SIG MPX mai aiki da iskar harbi, ƙarfen da ke kai-komo a cikinsu bai kai nauyin wancan ba, 147 tana zama lafiya a cikinsu. A kuɗi kuwa kusan kunnen doki ne: 147 ta fi tsada saboda dalma ta fi yawa, 124 ta ɗan fi cin albarushi, amma laba ɗaya giren 7000 ce, tana daɗewa.

Wani ya riga ya rubuta maka awon albarushinsa a ƙarƙashin tambayarka. Don Allah kada ka kwafa, ni ma ba zan ba ka nawa ba. Bututunsa daban, ƙwayarsa daban. Ka buɗe littafin Lyman ko Hornady, ko bayanan kamfanin albarushin, ka fara daga ƙaramin awo, ka hau a hankali kana aunawa a taka bindigar. Ka riƙa haska cikin kowane kwanso da ka tsinto a fili: akwai masu ɗan tudu zagaye daga ciki, waɗannan suna iya tsinkewa biyu a PCC su bar zobe a mazaunin harsashi, ka zubar da su. Kowane harsashi na gasa ka jefa shi a ma'aunin kwanso, ka shafa gindinsa da yatsa ka tabbata firaima, wato 'yar abar da ke kunna albarushi, ba ta ɗago ba. Ka wanke hannu kafin cin abinci, dalma ba ta da kyau ga jiki, balle in akwai yara a gida.

Kada ka sayi dubu uku tun yanzu. Ka nemi ɗari biyu na kowacce, ka haɗa su su kai 130, ka zo filin da muke haɗuwa ranar Asabar. Zan kawo na'urar auna gudu da ta ƙidayar lokaci, mu kafa kwali biyu a yadi 15 da faranti ɗaya a yadi 50, ka harba su bi da bi ba tare da ka san wacce na zuba maka a gidan harsashi ba.